Ƙaramin Jirgin Da Ya Tayar Da Hankalin Wani Gida A Girei

 Na so a ce yau mun ci gaba da maganar zazzaɓin damina, sai ga wani saƙo daga wata baiwar Allah da ke zaune a Girei ta Jihar Adamawa, wanda na ga bai kamata ya kwana a aljihu ba. Ta roƙi a sakaya sunanta, ta kuma yarda a kawo labarin saboda wasu su amfana.

Surukinta ne ya rasu wata huɗu da suka wuce. Da ƙuruciyarsa mai fito ne, yana haye da mutane da kayansu a Kogin Binuwai tsakanin Jimeta da tsallaken Girei. Da gada ta ɗauke yawancin wannan ciniki sai ya koma kamun kifi da jigilar 'yan ƙauyukan bakin ruwa, har ƙarfinsa ya ƙare. Mijinta shi ne babban ɗa, malamin makaranta ne, ya haura shekara 40. Ta ce duk zaman makoki ko ɗigon hawaye ba ta gani a idonsa ba. Shi ne karɓar gaisuwa, shi ne sallamar baƙi, shi ne bin bashin da ake bin marigayin yana biya. Bayan an watse da kamar wata guda, sai ya shigo gida da gwangwala da wani guntun katako. Tun daga ranar, kullum bayan sallar isha'i sai ya zauna a zaure da fitila da wuƙa yana sassaƙa ƙaramin kwale-kwale, irin na mahaifinsa sak.

Magana ta cika dangi. Mahaifiyarsa na tsoron ko mutanen ruwa ne suka shafe shi, tana son a nemo mai ruƙiyya. Baffansa ya ce wannan zubar da girma ne da ƙarancin tawakkali, magidanci guda ya koma wasan yara. Ita kuwa matar ta rufe saƙonta da cewa: "Malama, don Allah ki faɗa mini gaskiya, maigidana lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na kira ta na yi mata tambayoyi huɗu. Yana cin abinci? Yana samun barci? Yana zuwa aiki da masallaci kamar da? Yana hira da ke da yara? Duka ta amsa da e. Ta ƙara da cewa hirarsa da yaran ma ta fi ta da yawa, domin babban ɗansu ne ke riƙe masa fitila, shi kuma yana ba shi labarin kakansa. Na ce mata daga abin da ta faɗa ban ga alamar ciwo ba. Na ga mutumin da ya samo wa baƙin cikinsa ƙofar fita, kuma aikin 'yan gida shi ne su bar ƙofar a buɗe.

Kukan da ba a yi ba

Mai karatu, ka san yadda muke renon ɗa namiji. Tun yana ƙarami ake ce masa namiji ba ya kuka. A ƙasar Adamawa kuma ga tarbiyyar Fulani ta munyal da semteende, wato haƙuri da kunya, waɗanda ke sa mutum ya haɗiye abin da ke cinsa ko da zai ƙone shi. Halaye ne masu kyau, su ke riƙe mutunci a bainar jama'a. Sai dai zuciya ba ta mantuwa da abin da aka hana ta furtawa. Babban ɗa ya fi kowa shiga wannan matsi, domin ranar da aka binne uba ranar ake ɗora masa rawanin gida. Kowa na kawo kukansa wurinsa, shi kuwa ba shi da inda zai kai nasa.

Baƙin cikin da aka danne yakan ɓullo ta wata hanya: ciwon kai, rashin barci, saurin fushi da iyali, mantuwa, ko a daina kula da maganin hawan jini da na ciwon suga. Wasu matasan kuma daga nan suke faɗawa shaye-shaye. Idan aka auna da waɗannan, mutumin da ya zauna a zaurensa yana fere itace ya zaɓi hanya mai lafiya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan. A shekarar 1969 wata likita mai suna Elisabeth Kübler-Ross ta fito da bayanin matakai biyar na baƙin ciki, mutane da yawa suka ɗauka kamar tsani ne da dole kowa ya taka ɗaya bayan ɗaya. Daga baya an gane kowa da yadda nasa ke zuwa. A 1996 wasu masana uku, Klass da Silverman da Nickman, suka nuna cewa ci gaba da riƙe alaƙa da mamaci a zuciya, ta hanyar tuna shi da raya abin da ya bari, abu ne da lafiyayyun mutane ke yi, kuma yakan taimaka. A 1999 wasu biyu a ƙasar Holan, Stroebe da Schut, suka bayyana cewa mai makoki yana kai-komo ne tsakanin abu biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin, wani lokaci ya juya ga hidimar rayuwa ya huta. Dubi malamin nan na Girei. Da rana yana aji yana koyarwa, da dare yana tare da tunanin mahaifinsa na awa ɗaya ko biyu, sannan ya kashe fitila ya kwanta. Kai-komon da ake so ke nan.

Aikin hannu yana da wani amfani na musamman. Mai sassaƙa dole ya tattara hankalinsa a bakin wuƙa, don haka tunanin da ke zagaye kansa ba ya samun filin yin yawa. Aikin yana da farko yana da ƙarshe, a lokacin da mutum ke jin komai ya wargaje. Sannan maza da yawa sun fi iya magana idan hannunsu na kan wani abu, idonsu ba ya cikin na kowa. Abin da uba ba zai iya faɗa wa ɗansa ido da ido ba, sai ya faɗa masa yana goge katako.

Me ya sa jirgi?

Wanda bai san ƙasar ba zai ce me ya haɗa ɗan Arewa da jirgin ruwa. Binuwai kogi ne mai tsawon kusan kilomita 1,400. Ya taso daga tsaunukan Kamaru, ya ratsa Garwa, ya shigo Najeriya ya bi ta Jimeta, ya karɓi ruwan Gongola a Numan, ya je ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 rayuwar garin take jingine da wannan ruwa. Ta kansa Turawan Ingila suka zo da jiragensu a watan Satumba na 1901 suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Ta kansa kuma, shekaru da dama bayan haka, manyan jiragen kamfanoni ke hawowa idan kogi ya cika da damina, su sauke gishiri da yadi da kananzir, su ɗebi gyaɗa da auduga. Dattawan Jimeta da Damare da Vinikilang da suka ga wannan zamani suna raguwa kullum.

Sana'ar jirgi ma a yankinmu ta girmi duk wannan tarihi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe ya ci karo da wani kwale-kwale binne a ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, an auna tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuwa kimanin 8,000. Yana cikin jirage mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Saboda haka ɗan mai fito da ya sassaƙa jirgin ubansa bai kawo baƙon abu ba, gadon gidansu ya taɓa.

Kuma kada mu manta, dukanmu mun yi motar kara da ta gwangwani da ta waya muna yara. Hannun da ya iya wancan bai mance ba. Idan babban rashi ya zo, mutum yakan koma ga abin da ya iya tun lokacin da iyayensa ke raye suna kallonsa.

Ina matsayin addini?

Wannan fili ba na fatawa ba ne, amma akwai abubuwan da malamanmu suka sha karantarwa. Hanin da ya zo game da sassaƙa da zane ya shafi abu mai rai ne. An ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai zane shawarar ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Jirgi katako ne, babu rai a tare da shi. Sharaɗin dai kada a mayar da shi abin neman tabarraki, kada a kai shi kabari, kada a ƙudurce cewa yana isar da wani abu ga mamaci. Mutanen tsohuwar Masar sun riƙa binne ƙananan jirage tare da manyansu bisa imanin za su hau su a lahira. Namu ya sha bamban da wannan, abin tuni ne ga masu rai.

Batun tawakkali kuwa, jin zafin rashi ba ya kore shi. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau ana kiranta shekarar baƙin ciki. Bayan rasuwar Nana Khadija ya ci gaba da ambatonta, idan ya yanka dabba yana aika wa ƙawayenta. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furta kalaman fushi da ƙaddara.

Inda nake tare da Baffa shi ne jerin abin da ya fi muhimmanci. Biyan bashin mamaci, zartar da wasiyya, raba gado bisa adalci, addu'a da sadaka, kula da uwa musamman a wata huɗu da kwana goma na takaba, da sada zumunci da abokan uba, waɗannan su ne gaba. Wanda ya bar su ya rungumi katako ya yi kuskure. Amma mai saƙonmu ta tabbatar mini mijinta ya sauke waɗannan tun kafin ya ɗauki wuƙa. Maƙwabtanmu Kirista da ke cikin irin wannan hali su ma suna da limamansu da za su tuntuɓa, shawarar lafiya dai ɗaya ce ga kowa.

Idan kai ma kana son gwadawa

Na farko, fara da tambaya kafin ka taɓa itace. Je bakin kogi ka nemi abokan sana'ar mahaifinka. Tambaye su tsawon jirginsa, yawan mutanen da yake ɗauka, itacen da aka yi shi da shi, ko maɗaci ne ko wani, guda aka fafe ko falanki aka harhaɗa, da abin da aka rubuta a jikinsa. Za ka je neman awo ka dawo da labaran da ba ka taɓa ji ba, ka kuma samu ladan ziyarar abokan uba. Ka tafi da ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa.

Na biyu, rage awon da lissafi. Idan ka raba komai gida 20, jirgi mai mita 8 zai dawo santimita 40, daidai ajiya a kan kabad. Faɗi da zurfi da filafili da gorar tuƙi duk ka raba su haka, don kada wani sashe ya rinjayi wani.

Na uku, kada ka wahalar da aljihunka. Gwangwala tana da laushi, ba ta da nauyi, ta dace da mai koyo. Guntayen katako kuwa kafintoci na zubar da su. Wuƙa mai kaifi, ƙaramin zarto, samfefa da farin gam na kafinta sun wadatar.

Na huɗu, kiyaye lafiya. Ka riƙa fere itace wuƙar na yin gaba, nesa da jikinka. Idan ka yanke, wanke da ruwa da sabulu, idan raunin ya yi zurfi ka je a duba ka a kuma yi maka allurar tetanus. Fenti da gam mai ƙarfin wari a yi su a fili inda iska ke kaɗawa, a kulle su bayan an gama, domin mun san abin da sholisho ya yi wa 'ya'yanmu. Ƙananan ƙusoshi da ɓaraguzan itace a kawar da su daga masu rarrafe. Idan za a gwada jirgin a ruwa, baho ya isa, a kuma zubar da ruwan nan take, saboda ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Kada a bar yara su ɗauke shi zuwa kogi su kaɗai, balle da damina. Mutanen Girei da Jimeta ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan na sama.

Na biyar, sa wa aikin lokaci. Awa ɗaya ko biyu a rana, ba tare da ya ci lokacin salla ko barci ko haƙƙin iyali ba. Ka kuma yi niyyar gamawa. Ranar da aka gama a tara 'ya'ya da jikoki, a ba su tarihin mai jirgin, a yi masa addu'a.

Wanda mahaifinsa ba ɗan ruwa ba ne, sai ya duba abin da hannun marigayin ya saba da shi. Ɗan direba na iya ƙera motar ubansa, ɗan manomi ya gyara garmarsa ya rataye. 'Yar da ta rasa uwa na iya ƙarasa hular da uwar ta fara ɗinkawa, ko ta koyi zanen ƙwarya irin nata, ko ta zauna da goggonninta ta rubuta yadda take haɗa miya da yaji kafin masu sanin su tafi. Wani kuma dashen bishiya zai yi, wadda inuwarta sadaka ce mai gudana.

Yaushe ne abin ya zama ciwo?

A nan nake son ka natsu, mai karatu, domin damuwar mahaifiyar nan tana da tushe ko da ta ba ta wani suna. Akwai baƙin cikin da ke rikiɗewa ya zama lalura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a watan Janairun 2022, da sunan baƙin ciki mai tsawaita. Ana zarginsa idan an haura aƙalla wata shida, kewar mamaci na nan da zafinta kamar ranar farko, ta wuce abin da al'ada da addinin mutum suka saba gani, har ta hana shi gudanar da rayuwarsa.

Ga alamomin da ya kamata iyali su sa wa ido. Mutum ya daina zuwa aiki ko kasuwa. Ya ƙaurace wa jama'a, ya kulle kansa, ba ya son kowa ya kusanci abin da yake yi. Ya daina cin abinci har rama ta bayyana, ko ya kwana ido biyu dare da yawa a jere. Ya riƙa ɗora wa kansa laifin mutuwar ba dare ba rana. Ya fara shan ƙwaya ko maganin tari don ya samu barci. Ya riƙa rushe aikin yana sakewa ba iyaka saboda tsoron ranar gamawa. Mafi hatsari, ya fara cewa gara ya bi marigayin, ko rayuwa ba ta da amfani. Wannan na ƙarshe ba a jira wata shida, a ranar ake neman likita, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Haka nan ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi bayan babban rashi ba abin jinkiri ba ne. Likitocin Japan sun bayyana tun 1990 wata lalura da tsananin tashin hankali ke raunana tsokar zuciya, ta fi kama mata masu shekaru. Don haka uwar da ke takaba ita ma a sa mata ido, a tabbatar tana shan magungunanta.

Mazauna wannan yanki na iya farawa da asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, su nemi a haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Maiduguri. Zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace. Tun Janairun 2023 Najeriya ke da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kare mutuncin mai neman irin wannan magani. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa hana ganin likita, a haɗa su gaba ɗaya.

Shawarata ga mai saƙo

Na ce mata kada ta yi jayayya da surukarta, kada kuma ta ɗauki ɓangare a gaban Baffa. Tsohuwa ta rasa abokin zaman shekara kusan hamsin, yanzu tana tsoron rasa ɗanta, wannan tsoro ne ke magana. Na ba ta shawara ta lallaɓa maigidan ya ɗauki jirgin da kansa ya kai ɗakin mahaifiyarsa, ya durƙusa ya ce: "Inna, ki duba mini, haka na Baba yake?" Domin duk duniya babu wanda ya san wannan jirgi kamar matar da ta yi shekaru tana jiran dawowarsa daga kogi.

Kwana biyar bayan haka ta sake turo saƙo. Ta ce tsohuwar ta karɓi jirgin ta juya shi ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce goshin ya yi tsini da yawa, kuma ya manta facin gwangwani da ke gefen hagu, inda jirgin ya taɓa bugun dutse shekarar da aka haife shi, har marigayin ya kwana yana toshewa da tsumma da kwalta. Daga nan sai ta fashe da kuka, shi ma ya yi, karo na farko tun rasuwar. Baffa dai har yanzu bai sauko ba, yana nan a kan cewa aikin yara ne, kuma na ce mata a bar shi da ra'ayinsa, a ci gaba da girmama shi. Maigidan ya samo gwangwanin madara ya yanko ɗan faci ya manna a gefen hagu. Saura filafili da fenti.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu koma kan zazzaɓin damina da yadda za a kare yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A huta lafiya.